Harajin kirifto da NFT: abin da doka ta ce, da abin da ake ƙara mata

Tun da sabuwar dokar haraji ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, maganganu biyu ke yawo a majalisun Kano da zaurukan WhatsApp. Ta farko, wai duk wanda ke da kirifto, wato kuɗin intanet, ko NFT a wayarsa sai ya ba gwamnati kashi 25 cikin 100, in ya ƙi a ɗaure shi shekara 10. Ta biyu kuma masu murna ne ke yaɗa ta, wai ranar attajiran da ke zubar da miliyoyi a kan rigar da ba a sawa da jakar da ba a ratayawa ta zo, za su ɗanɗana kuɗarsu. Babu ɗaya daga ciki da ta yi daidai da abin da aka rubuta, kuma tsoron da ta farkon ta jefa wa samarinmu, musamman 'yan mainin, wato masu haƙar kirifto, da masu ɗan juya USDT, kirifto mai bin darajar dala, a kasuwar waya ta Farm Centre, shi ya sa na ga ya wajaba a yi bayani.

NFT shaidar mallaka ce da ake rubutawa a wani kundi na intanet da ba a iya gogewa, mai nuna cewa wane ne mai wannan hoton ko wannan tufa ta cikin kwamfuta. Kamar takardar fili take, sai dai babu filin da za ka je ka taka. A 2021, lokacin da kasuwar ke tashe, kamfanin Dolce & Gabbana ya sayar da kaya tara a kan kusan dala miliyan 6, wasunsu ma babu su sai a kwamfuta. A shekarar ce wani ya biya sama da dala 4,000 a kan jakar Gucci ta cikin wasan Roblox, fiye da kuɗin jakar ta zahiri da ake sayarwa a kanti. Duk wanda ya ji wannan alhali ya san farashin kwanon shinkafa a Kasuwar Rimi, dole ransa ya sosu.

Dokar da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025 ta sa kirifto da NFT cikin kadarorin da ake biya wa haraji. Ba ita ce ta fara ba, domin dokar kuɗi ta 2023 ta riga ta ɗora kashi 10 cikin 100 a kan ribarsu. Sabuwar dokar ta shafi ɗaiɗaikun mutane, da kamfanoni, da dandalin da ake saye da sayarwa a kansu.

Abin da aka fi kuskurewa shi ne a kan me ake biya. Ba a biya don ka mallaka, ba a kuma biya don darajar abin ta tashi alhali yana nan a ajiye. Sai ranar da ka sayar ka ci riba, kuma ribar kaɗai ake dubawa, ban da uwar kuɗi. Ribar ana haɗa ta da sauran abin da mutum ya samu a shekara, naira 800,000 na farko babu haraji a kansu, daga nan a fara da kashi 15, a riƙa hawa. Kashi 25 ɗin da ake tsorata mutane da shi yana hawa ne kan abin da ya haura naira miliyan 50 a shekara. A ce saurayi ya sayi wani abu a kan naira miliyan 2 ya sayar miliyan 3, kuma ba shi da wata hanyar samu. Ribarsa miliyan 1 ce. A cire 800,000, saura 200,000, kashi 15 ɗinsu naira 30,000 ke nan. Wurin hukumar tara haraji ta jihar Kano zai kai bayaninsa, tunda a nan yake zaune.

Maganar ɗauri kuwa, daga wata doka daban aka ɗauko ta aka liƙa. Dokar zuba jari ta 2025 ce ta tanadi tarar naira miliyan 20 ko ɗaurin shekara 10 ko duka biyun, kuma ga masu kafa tsarin damfara ne, irin na kawo kuɗi a ninka maka. Wanda ya sayi kirifto da guminsa ba ya ciki. Ko takunkumin da Babban Bankin Najeriya ya sa wa bankuna kan mu'amala da kirifto a Fabrairun 2021 an janye shi tun Disambar 2023. Hukuncin da ya kamata mutum ya kula da shi na kuɗi ne: rashin kai wa hukumar haraji bayanin abin da aka samu a shekara yana jawo tarar naira 100,000 a watan farko, da 50,000 a kowane wata da ya biyo. A nan ne nake ganin an matsa wa ƙaramin mai nema, domin wanda harajinsa 30,000 ne zai iya cin tarar da ta ninka shi fiye da sau uku a wata guda saboda rashin sani kawai, kuma har yau wayar da kan da aka yi da Hausa bai taka kara ya karya ba. Tarar naira miliyan 10 da ake ambata ta kamfanonin dandalin ce, ba ta ɗan kasuwa ba.

Akwai sashe ɗaya da ya fi ruɗa mutane, na asara. Dokar ta ce asarar da aka yi a wannan harka ba a cire ta sai daga ribar harka irinta. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ya ci ribar miliyan 10 a atamfa da shadda, ya kuma zubar da miliyan 5 a NFT, ba zai ce ribarsa ta koma 5 ba. A kan 10 ɗin zai biya. Irin wannan asara ba tatsuniya ba ce. Saƙon farko da Jack Dorsey, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Twitter, ya wallafa a shafin an sayar da shi a matsayin NFT a kan dala miliyan 2.9 a Maris ɗin 2021, da mai shi ya fito da shi kasuwa a Afrilun 2022, tayin farko da aka yi ko dala 300 bai kai ba. Wannan sashe ina ganin daidai ne, don babu dalilin da zai sa kuɗin da ya kamata ya je asibiti da makaranta ya ragu saboda wani ya yi ganganci da dukiyarsa.

Amma iyakar abin da dokar ta yi wa almubazzari ke nan. Attajirin da ya saya wa hotonsa na cikin kwamfuta rigar dala 10,000 ya ajiye don a gani, harajin riba ba ya hawa kansa ko sisi, tunda bai sayar ba. Wanda yake hawa kansa shi ne yaron Ɗorayi ko Kurna da ke kwana yana bin farashi don ya fitar da kuɗin haya. Shi ya kamata ya fara rubuta ranar da ya saya da nawa ya saya, ya ajiye hoton kowane ciniki, domin ranar lissafi wanda bai iya nuna uwar kuɗinsa ba zai sha wahalar nuna inda riba ta tsaya. Kuma ya kai bayaninsa kafin ƙarshen watan Maris.