Likitan gyaran magana a Saudiyya: me yake yi, ina ake karatunsa?

Wane ne wannan da Larabawa ke kira akhissa'in takhaɗub?

Ƙwararre ne da ke duba matsalar magana, murya da haɗiya. A wajensa za ka tarar da yaro mai in'ina, da mai tsamin baki, da wanda aka dasa wa na'urar ji a kunne, da dattijon da shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke wa baki. Shi ba ya fiɗa. Kayan aikinsa madubi ne da hotuna da kayan wasa, sai haƙuri mai yawa.

Haɗiya kuma? Me ya haɗa ta da magana?

Harshe da maƙogwaro ɗaya ne ke yin duka biyun. Idan Baba yana ƙwarewa duk sanda ya kurɓi shayi bayan ya tashi daga jinya, ruwan na iya bi ta huhu. Likitan maganar ne zai gwada, ya ce a kaurara kunu ko a gyara zama.

Ɗana yana jin Hausa a gida, Larabci a Shara Mansur da ke Makka. Shi ya hana shi magana da wuri?

A'a, Hajiya. Harshe biyu ba ya jawo jinkirin magana, kuma kar wani ya sa ki daina yi masa Hausa. Abin lura shi ne: kalmar farko wajen shekara 1, haɗa kalmomi biyu kamar "Mama ruwa" wajen shekara 2. A lissafi ana tara kalmominsa na Hausa da na Larabci wuri ɗaya. In ya wuce haka shiru, a fara da gwajin ji, ba wanzami ba. Cire beli bai taɓa buɗe bakin yaro ba.

In'ina fa?

Takan fara tsakanin shekara 2 zuwa 5, ta fi kama maza, yawancin yara kuma tana barinsu. Kusan mutum 1 cikin 100 ne ke girma da ita. Tsawa da "yi magana mana!" ƙara ɗaure harshen suke yi.

Ina ake karatun?

Jami'ar Sarki Sa'ud da ta Gimbiya Nura a Riyad suna koyarwa, haka Darul Hikma a Jidda. Bayan digiri akwai shekarar horo a asibiti, sannan rajista da hukumar ƙwararrun lafiya ta ƙasar.

Mai bincike kuma me yake nema?

Tun 1861 da Paul Broca a Faransa ya danganta ɗaukewar magana da rauni a ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa ake tono. Amma gwaje-gwajen da ake amfani da su a nan da Turanci da Larabci aka gina su. Yaron da ya ce "salasa" (uku) maimakon furucin Balarabe ba ciwo gare shi ba, bakin gidansu ne. Wanda bai san ɓ da ɗ da ƙ ba, bai san tsawon wasalin da ya raba "gari" na zama da "gari" na tuwo ba, yaya zai gane inda yaronmu ya kauce? Wannan aikin ɗan gida yake jira.