Ba kowane direban da ya buge mutum ne mai laifi ba

Da zarar mota ta buge mai babur ko mai tafiya a ƙasa, jama'a sun riga sun yanke hukunci: mai mota ne da laifi. Shi ya sa wasu ke ganin lauyan da ya tsaya wa irin wannan direba a kotu ya sayar da imaninsa. Wannan fahimta kuskure ce, kuma tana cutar da mutane.

Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya ɗauki duk wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai an tabbatar da laifinsa, ya kuma ba shi damar kare kansa ko ɗaukar lauya. Aukuwar hatsari kaɗai ba hujja ba ce. Dole mai gabatar da ƙara ya nuna cewa direban ya yi tuƙin ganganci ko sakaci, kuma Dokar Shaida ta 2011 ta ce sai hujjar ta kawar da duk wani shakku mai ma'ana.

Nan aikin lauya yake. Zai duba zanen wurin hatsarin da 'yan sanda suka yi, da tsawon sawun birki a kan kwalta, da rahoton jami'an duba lafiyar mota. Mai babur ɗin hannunsa yake bi? Akwai fitila a babur ɗin da daddare? Sau da yawa shaidun da suka fi ɗaga murya sun iso ne bayan an yi karon.

Iyalan wanda aka buge kuwa, ƙofar neman diyya a kotu a buɗe take gare su, kuma shari'a ce daban da ta laifi.