Tsohuwar taraktar lambu: gane ta da farfaɗo da ita

Taraktar lambu ƙaramar motar noma ce da ake aiki da ita inda babbar tantan ba za ta samu wurin juyawa ba. Iri biyu ce: mai taya huɗu da ake hawa, da mai taya biyu wadda mutum ke riƙe hannayenta yana bin ta a ƙafa kamar mai bin garmar shanu. Tsofaffin galibi injinsu mai fistin ɗaya ne, ƙarfinsa doki 7 zuwa 16. A Kano akan ci karo da su cikin kayan gwanjo, ko a yashe a gidan gona, tayoyi sun nutse a ƙasa. Da yawa ana kai su wajen 'yan gwangwan a auna su a sikeli, alhali abin da ya tsayar da su bai wuce ruɓaɓɓen mai a kafireta ba.

Asali

Mai taya huɗu a Amurka ta bunƙasa. Kamfanin Wheel Horse ya fara ƙera tasa a garin South Bend a 1946, Cub Cadet ta International Harvester ta shiga kasuwa a farkon shekarun 1960, John Deere kuma ya fito da samfurin 110 a 1963. Masu taya biyu da aka fi gani yanzu daga Japan da Sin suke zuwa, irin su Kubota da Yanmar da Dongfeng, da yawansu masu shan gas.

Gane ta

Launi yana ba da haske: John Deere kore da rawaya, Wheel Horse ja, Cub Cadet rawaya da fari. Sai dai fenti ba shaida ba ne, don tarakta mai shekara 50 ta sha hannun masu fenti. Abin dogaro shi ne ɗan farantin lamba da aka manna a jikinta, a ƙarƙashin kujera ko gindin sitiyari. Da tsumma da kananzir ake goge shi. Wanda ya sa masa samfefa ya share rubutun ke nan har abada.

Inda aka fi kuskure shi ne ɗaukar sunan tarakta a matsayin sunan inji. Kamfanonin nan sukan sayo inji ne daga Kohler ko Briggs & Stratton, kuma kowane inji da nasa lambobin. A injunan Kohler na jerin K, kowace lamba da nata ƙarfin: K181 doki 8, K241 doki 10, K301 doki 12, K341 doki 16. Briggs & Stratton layi uku yake bugawa a murfin inji, na ƙarshen kwanan wata ne: idan ya fara da 780512, an ƙera shi ranar 12 ga Mayu, 1978. Da waɗannan lambobi ake neman ringi da fistin. Mai kaya a kasuwar Kofar Ruwa ba zai gane komai daga "wata jar tarakta" ba, shi ya sa gogaggen bakanike ke tafiya da tsohon kayan a hannu a gwada.

Gyara

Wannan bayanin na inji mai shan fetur ne. Ba a fara da tayar da inji. Sai an zubar da tsohon baƙin mai, an wanke tanki, an cire fulogi, sannan a juya injin da hannu. In ya ƙi motsi, fistin ya kama. Maganinsa haƙuri: a zuba gas ko kananzir ta ramin fulogi, a bar shi kwanaki, kullum ana ɗan girgiza shi gaba da baya. Mai gaggawa da ya sa dogon ƙarfe ya danna yakan karya ringi, ko ya lanƙwasa sandar fistin, kuma samun ta a nan aiki ne.

Daga nan sai wuta da mai. Ana jingina fulogi a jikin inji a juya. Shuɗin tartsatsi alamar lafiya ne. A injunan Kohler K, ratar kwantak, wato ƙarafan nan biyu da ke buɗewa da rufewa don fulogi ya ba da wuta, inci 0.020 ce, kusan rabin milimita. Kafireta kuwa a kwance ta a jiƙa, a busa ƙananan ramukanta. Wannan aikin masu gyaran janareta da injin ban ruwa sun san shi kamar tafin hannunsu.

Akwai tarkon da ke jiran bakaniken Kano: notocin taraktar Amurka da awon inci aka yi su. Noti mai rabin inci milimita 12.7 ne; sifana mai lamba 13 za ta shiga, amma da sako-sako, in noti ya yi tsatsa sai ta cinye kansa.

Abin da ba a samu a kasuwa ba, masu juya ƙarfe da masu walda kan ƙera shi. Bel da bodin taya ana samun daidai da su da awo. Matatar iska ce ba a wasa da ita, domin ƙurar hunturu in ta shiga inji tana cin ringi kamar yashi. Fenti shi ne na ƙarshe, bayan taraktar ta yi huɗa kunya biyu ko uku ba ta zubar da mai ba, kuma a rufe farantin lamba da salatif kafin a fesa.