Aiki daga gida

Aiki daga gida tsari ne da ma'aikacin kamfani ko na gwamnati yake yin aikinsa a inda yake zaune, ta kwamfuta da waya da intanet, ba sai ya je ofis kullum ba. Wani ba ya taka ofis sam, wani kuma raba masa mako ake yi, kwana biyu ko uku a ofis, sauran a gida. Neman kuɗi daga cikin gida ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, domin mata sun daɗe suna ɗinkin hula da kitso da suyar ƙuli-ƙuli a ɗakunansu. To amma su masu zaman kansu ne. Wanda ake magana a kansa a nan shi ne mai cin albashi, mai shugaba a samansa, shugaban da ba ya ganinsa.

Asali

A 1973, shekarar da man fetur ya yi tsada a Amurka saboda takunkumin ƙasashen Larabawa, wani injiniya mai suna Jack Nilles ya fara bincike a Jami'ar Kudancin Kalifoniya kan yadda za a kai wa mutum aiki ta layin sadarwa, maimakon mutum ya ƙona mai ya je wurin aiki. Kamfanin IBM na cikin waɗanda suka fara gwadawa, har ya zuwa 2009 kusan kashi 40 cikin 100 na ma'aikatansa ba a ofis suke aiki ba. Duk da haka a 2017 ya kira dubbai daga cikinsu su komo, kamar yadda Yahoo ya yi a 2013. Tun kafin korona ke nan ana wannan kai-komo.

Annobar ce ta mai da abin dole. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar duniya ranar 11 ga Maris 2020, aka shiga dokar kulle, ofisoshi suka koma manhajojin taro ta bidiyo irin su Zoom da Teams cikin 'yan makonni. A lokacin ne aka gane cewa tsarin ba na kowa ba ne: masu bincike a Jami'ar Chicago sun ƙiyasta cewa kashi 37 cikin 100 kaɗai na ayyukan Amurka ake iya yi gaba ɗaya daga gida, a ƙasashe matalauta kuwa kason bai kai haka ba. Direba da ma'aikaciyar jinya da birkila ba su da wannan zaɓi.

Abin da gwaji ya nuna

Muhawara kan wannan batu ta cika da son rai, shi ya sa gwajin da aka yi a kamfanin tafiye-tafiye na Ctrip a birnin Shanghai yake da daraja. Nicholas Bloom na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa sun raba masu amsa wayar abokan ciniki gida biyu, wasu suka koma gida kwana huɗu a mako, wasu suka ci gaba da zuwa ofis, na tsawon wata tara. Sakamakon da aka buga a 2015 ya nuna na gida sun fi yin aiki da kashi 13 cikin 100. Mafi yawan ƙarin ya fito ne daga raguwar hutu da fashin rashin lafiya, saura kuma daga rashin hayaniya. Masu ajiye aiki sun ragu da rabi, kamfanin ya kuma yi tsimin kusan dala 2,000 a shekara kan kowane mutum.

Sai dai akwai ɓangaren da masu yabon tsarin kan tsallake. Na gida sun fi ƙwazo, amma ba a yi musu ƙarin girma kamar na ofis ba. Da aka gama gwajin aka ba kowa zaɓi, kusan rabinsu suka komo ofis, akasari saboda kaɗaici. Wannan hasara ce ta gaske, kuma ta fi cin sabon ɗauka. Yaro a wurin aiki da kallo yake koyo: ya ga yadda na gaba da shi ke lallashin abokin ciniki, ya leƙa ya yi tambaya a tsaitsaye. Binciken da aka yi kan ma'aikatan Microsoft sama da 61,000, wanda ya fito a 2021, ya gano cewa da aka koma gida kowane sashe ya dunƙule a kansa, hulɗa tsakanin sassa ta ragu.

A 2024 Bloom ya sake fitar da wani gwaji a kamfanin nan, wanda yanzu ake kira Trip.com, kan mutum 1,612. Wannan karon kwana biyu kawai aka ba su a gida. Ajiye aiki ya ragu da kashi ɗaya cikin uku, ba a kuma ga bambanci a ƙwazo ko ƙarin girma ba. A hujjojin da ke hannu, raba mako shi ya fi tsayawa da ƙafafunsa. Hakan bai hana Amazon umartar ma'aikatan ofisoshinsa su koma kwana biyar daga Janairun 2025 ba.

Wa ke ɗaukar nauyi

Ribar mai kamfani a fili take: hayar ofis ta ragu, yana iya ɗaukar gwani daga kowane gari. Damuwarsa ita ce tsaron bayanai da wahalar sa ido, har wasu kan sa manhajar da ke ƙirga motsin ma'aikaci a kan kwamfuta, abin da ke kashe amana. Ma'aikaci kuwa ya huta da kuɗin mota da zaman cunkoso, mai shayarwa tana kusa da jaririnta, mai larurar ƙafa ya huta da hawa bene. Amma lokacin tashi daga aiki yakan ɓace, saƙon shugaba ya iske mutum bayan sallar isha'i. Mace kuma sau da yawa aiki biyu ke haɗe mata a lokaci guda, na ofis da na girki da raino. Faransa ta kafa dokar da ta ba ma'aikaci haƙƙin ƙin amsa saƙon aiki bayan an tashi tun 2017. Fotugal ta ƙara a 2021 da cewa kamfani ya biya ƙarin kuɗin wuta da intanet da aikin ya jawo wa gidan ma'aikaci.

Wannan batu na biyan kuɗi shi ne ƙashin bayan zancen a Najeriya. Bayan cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500, sai jihar Edo ta rage zuwa ofis ya koma kwana uku a mako, Legas ma ta yi makamancin haka ga ƙananan ma'aikata a 2024. An sauƙaƙa kuɗin mota, gaskiya ne. Amma wanda zai yini a gaban kwamfuta a gidansa yana bukatar wuta, idan Nepa ta ɗauke sai janareta mai shan man nan da aka guje wa, ko sola da batir da albashin wata guda ba ya saye. Data ma daga aljihunsa take fita in ba a yi yarjejeniya ba. Ga gidan haya mai ɗaki ɗaya, ko babban gida mai yara da baƙi, inda ganin mutum a zaune kan sa a ɗauka ba ya komai, a yi ta aikensa. Shi kansa layin ba shi da tabbas: a Satumban 2021 an rufe hanyoyin sadarwa a jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, ranar 14 ga Maris 2024 kuma lalacewar wayoyin intanet na ƙarƙashin teku ta tsayar da ayyuka har da na bankuna a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma.