Ƙiyasin Cinikin Wasannin Bidiyo a Matsayin Ma'aunin Kasuwar Na'ura

Ƙiyasin cinikin wasannin bidiyo lissafi ne da masu bin diddigin kasuwa ke fitarwa domin nuna yawan wasanni da na'urorin gem da aka saya. Fitattu a wannan aiki sun haɗa da mujallar Famitsu ta Japan mai fitar da alƙaluma duk mako, da Circana ta Amurka wadda aka sani da NPD kafin 2023, da kuma shafin VGChartz, wanda yakan koma ya gyara alƙalumansa idan kamfanoni sun bayyana nasu.

Matsala ta farko ita ce bambancin sari da sayen ɗaiɗai. Kamfani yakan ƙirga na'urorin da ya tura wa dillalai, alhali mai ƙiyasi yana neman waɗanda suka shiga hannun jama'a, kuma duk wanda ya san kasuwar Dawanau ya san buhunan da aka sauke a rumfa daban suke da waɗanda aka kai gida. Tun 2015 Microsoft ya daina bayyana adadin na'urarsa ta Xbox da ya sayar, saboda haka alƙaluman da ake yaɗawa a kanta yau kintace ne.

Cinikin wasa ɗaya kuwa yana iya yaudarar mai karatu ƙwarai. Wasan Mario Kart 8 ya haura kwafi miliyan 8 a kan na'urar Wii U, amma na'urar kanta ta tsaya a miliyan 13.56, yayin da magabaciyarta Wii ta kai miliyan 101.63. Wasan Wii Sports ya zarce kwafi miliyan 82, sai dai a ƙasashe da yawa a cikin kwalin na'urar Wii yake zuwa, ba zaɓensa mai saye ya yi ba. Sauke wasanni ta intanet da tsarin biyan kuɗin wata irin na Game Pass sun ƙara dagula lissafin. Ƙiyasin yana da amfani wajen gane wace na'ura ce ke gaba, amma bai kamata a ɗora hujja a kan ƙwayar adadinsa ba.

Babban giɓin, wanda ba a cika ambata ba, yana wurare irin namu. A ƙauyukan Ringim ko Bichi za a tarar da shagon gem mai rufin langa-langa, da benci biyu, da talabijin ɗaya da ke aiki da janareta ko sola, yara sun yi cincirindo suna jiran layin buga ƙwallo, kowa riƙe da kuɗin wasansa. Na'urar galibi tokumbo ce da aka sayo a Kano, an loda mata wasanni ba tare da faifan asali ba. Idan PlayStation 2 ce, an riga an ƙirga ta sau ɗaya cikin miliyan 160 da Sony ya bayyana, a wata ƙasa, shekaru da dama da suka wuce. Yaran da ke musayar abin sarrafa ta daga la'asar zuwa dare ba su shiga lissafin kowa ba.