Waiwaye: Wa ke da ikon kai Amurka yaƙi, shugaban ƙasa ko majalisa?

A watan Yunin 2025 Amurka ta kai hari a kan cibiyoyin nukiliyar Iran guda uku, wato Fordo da Natanz da Isfahan, bisa umarnin Shugaba Donald Trump, ba tare da an nemi amincewar Majalisar Dokoki ba. Mako bai zagayo ba Sanata Tim Kaine na jihar Bajiniya ya kai ƙuduri gaban Majalisar Dattawa yana neman a hana shugaban ci gaba da faɗa da Iran sai da izinin majalisa, aka kayar da ƙudurin da ƙuri'a 53 da 47. Wannan taƙaddama kuwa ta girmi Trump da Kaine da kakanninsu, domin tun ranar da aka rubuta kundin tsarin mulkin ƙasar ake kai ruwa rana a kanta.

Mutanen da suka taru a birnin Filadalfiya a 1787 ba su daɗe da raba gari da Sarkin Ingila ba, kuma sun san cewa sarakunan Turai kan shiga yaƙi don biyan buƙatar kansu, talakawa su biya da dukiya da jini. Saboda haka suka raba ikon gida biyu. Majalisa ce za ta ayyana yaƙi, ita za ta kafa runduna kuma ta ware mata kuɗi, shi kuwa shugaban ƙasa ya zama babban kwamandan askarawa, mai jan ragamar yaƙin bayan an ayyana shi. A daftarin farko an ba majalisa ikon "yin" yaƙi ne, sai James Madison da Elbridge Gerry suka nemi a mayar da kalmar "ayyana" yaƙi, domin shugaba ya samu damar mayar da martani idan abokan gaba suka afka wa ƙasar ba zato ba tsammani. Wannan 'yar kafa da aka bari don halin gaggawa ita ce shugabanni suka yi ta faɗaɗawa har ta zama ƙofar gari.

Sau 11 kacal majalisa ta ayyana yaƙi a hukumance, a cikin yaƙe-yaƙe biyar: da Ingila a 1812, da Meziko a 1846, da Sifaniya a 1898, sai yaƙin duniya na ɗaya da na biyu. Na ƙarshe shi ne na watan Yunin 1942, a kan Bulgeriya da Hangari da Romaniya. Duk yaƙin da Amurka ta gwabza daga wannan lokaci zuwa yau, da wani suna aka yi shi.

Harry Truman ne ya buɗe wannan babi a 1950, lokacin da ya tura sojoji Koriya yana dogaro da ƙudurin Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, ya kuma yarda a kira abin aikin 'yan sanda, alhali kuwa Amurkawa fiye da 36,000 suka mutu a can. Amma darasin da ya fi ɗaci daga Biyetnam ya zo. A watan Agustan 1964 gwamnatin Lyndon Johnson ta sanar da cewa an kai wa jiragen ruwanta hari sau biyu a mashigin Tonkin, cikin kwanaki kaɗan majalisa ta ba shi izinin ɗaukar duk matakin da ya ga ya dace. A Majalisar Wakilai ba a samu ko mutum ɗaya da ya ƙi ba, a ta Dattawa kuma mutum biyu ne suka ƙi, Wayne Morse da Ernest Gruening. Daga baya bincike ya nuna cewa hari na biyu, wanda a kansa aka kafa hujja, da wuya ma idan ya faru. Da wannan takarda aka yi yaƙin da ya ci ran Amurkawa fiye da 58,000, ban da ɗimbin mutanen Biyetnam da Kambodiya da Lawos.

Ganin haka ne majalisa ta yunƙura don karɓo ikonta. A ƙarshen 1973 ta zartar da dokar ikon yaƙi, Shugaba Richard Nixon ya hau kujerar na ƙi, 'yan majalisa suka haɗa rinjayen kashi biyu cikin uku suka tsallake shi. Dokar ta ce duk shugaban da ya jefa sojoji cikin faɗa sai ya sanar da majalisa cikin awa 48, kuma idan ba a ba shi izini cikin kwana 60 ba, wajibi ne ya janye su, da ƙarin kwana 30 na kwashe kaya. A takarda abin ya yi kyau. A aikace kuwa shugabanni na jam'iyyun biyu sun yi ta nuna cewa ba su ɗauki wa'adin a matsayin abin da ya ɗaure su ba. Bill Clinton ya yi kwana 78 yana ruwan bama-bamai a yaƙin Kosobo a 1999. Gwamnatin Barack Obama kuma, da wa'adin ya cika mata a Libiya a 2011, sai ta ce abin da take yi bai kai a kira shi faɗa ba a ma'anar dokar, tunda babu sojojinta a ƙasa. Da wasu 'yan majalisa suka garzaya kotu a lokutan biyu, alƙalai suka kori ƙarar, suka bar ɓangarorin gwamnati su sasanta kansu.

Sai ga harin 11 ga watan Satumban 2001. Kwana uku bayan rushewar benayen New York, majalisa ta amince da wani ƙuduri wanda jigonsa bai wuce kalmomi kusan 60 ba, ta ba shugaban ƙasa izinin amfani da ƙarfin soja a kan waɗanda suka shirya harin ko suka taimaka ko suka ba su mafaka. Babu sunan ƙasa a ciki, babu ranar ƙarewa. Mace ɗaya tak, Barbara Lee, 'yar majalisa daga Kalifoniya, ta miƙe ta kaɗa ƙuri'ar ƙin amincewa, aka tashi 420 da 1 a Majalisar Wakilai. Ta ja hankalin abokan aikinta da kada zafin makoki ya sa su miƙa iko marar iyaka, sakamakon da ta samu kuwa shi ne zagi da barazanar kisa, har sai da aka haɗa ta da masu gadi. A ganina tarihi ya riga ya wanke ta, domin da wannan ƙuduri ne shugabanni huɗu suka kafa hujjar kai hare-hare a Afganistan da Yaman da Somaliya da Siriya, har a kan ƙungiyar IS wadda ba ta ma da wannan suna a 2001.

Mutanen Nijar sun ga yadda wannan sakaci yake a ƙofar gidansu. Ranar 4 ga watan Oktoban 2017 aka yi wa wani ayari kwanton ɓauna kusa da ƙauyen Tongo Tongo a jihar Tilaberi, aka kashe sojojin Amurka huɗu tare da wasu daga cikin sojojin Nijar da ke tafiya da su. Abin da ya girgiza Washinton bayan gawawwakin shi ne fitowar manyan sanatoci, ciki har da Lindsey Graham da Chuck Schumer, suna cewa ba su san ƙasarsu na da sojoji masu yawa haka a Nijar ba, alhali wajen 800 ne, kuma ana tsakiyar gina sansanin jirage marasa matuƙa a Agadas. Waɗanda tsarin mulki ya ɗora wa alhakin yanke shawarar yaƙi a bakin 'yan jarida suka ji labari. Da sojojin suka tattara suka fice a 2024 ma, gwamnatin mulkin sojan Nijar ce ta sallame su, majalisar da ke Washinton ba ta taɓa zartar da ƙudurin dawo da su ba.

Masu goyon bayan ƙarfin shugaban ƙasa suna da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba. Suna cewa a zamanin makamai masu linzami ba za a jira mutum 535 su gama muhawara ba, ga batun sirri, kuma majalisa na riƙe da lalitar gwamnati, idan da gaske ba ta son yaƙi sai ta toshe kuɗin. Wannan magana ta ƙarshe tana da nauyi, domin ta tona inda gizo ke saƙar. Ba ƙwace ikon aka yi da ƙarfi ba, yawancinsa majalisa ce ta sake shi da hannunta, saboda ƙuri'ar yaƙi kaya ce mai bin ɗan siyasa har gida. Kowa ya ga yadda goyon bayan yaƙin Iraƙi a 2002 ya zame wa Hillary Clinton ƙarfen ƙafa a takararta da Obama a 2008. Ya fi wa ɗan majalisa sauƙi ya zura ido, idan an yi nasara ya yaba, idan an kwashi kashi a hannu ya ce ba da shi aka yi ba. Tun da aka daina ɗaukar matasa aikin soja dole a 1973, iyalan da ke da ɗa a fagen daga sun zama 'yan tsiraru, matsin lambar da ta cika tituna a zamanin Biyetnam ta ragu ƙwarai.

Akwai kuma baki biyu na siyasa. Obama yana ɗan takara a 2007 ya ce shugaba ba shi da ikon kai hari shi kaɗai sai akwai barazana ta kusa, Trump kuma a 2013 ya nace cewa sai Obama ya nemi izinin majalisa kafin ya taɓa Siriya. Kowannensu da ya shiga Fadar White House sai ya aikata abin da ya hana.

Duk da haka, a 'yan shekarun nan an samu wani ƙawance da ba a saba gani ba, inda masu ra'ayin sauyi irin su Bernie Sanders da Ro Khanna ke haɗuwa da 'yan Republican irin su Mike Lee da Rand Paul da Thomas Massie a kan wannan batu guda. A 2019 suka samu rinjaye a majalisun biyu don janye hannun Amurka daga yaƙin Yaman, a 2020 kuma aka zartar da irin wannan ƙuduri a kan Iran bayan kashe Janar Ƙasim Sulaimani a Bagadaza. Duka biyun Trump ya hau kujerar na ƙi, kuma ba a samu kashi biyu cikin ukun da za a tsallake shi ba. A nan ne aka ga yadda tsarin ya juye: Madison da abokansa sun so a ce sai da rinjayen majalisa za a fara yaƙi, yanzu kuwa shugaba kan fara shi kaɗai, majalisa kuma sai ta tara kashi biyu cikin uku a zaurukanta biyu kafin ta iya tsayar da shi.