IntelliJ IDEA da batun kuɗin sabunta lasisi

IntelliJ IDEA manhaja ce ta rubuta kod, irin wadda masu haɗa manhajoji ke wuni a cikinta suna rubuta kod da harsunan kwamfuta irin su Java da Kotlin. Kamfanin JetBrains ne ya yi ta, wanda wasu 'yan Rasha uku suka kafa a birnin Prague a shekarar 2000, sigar farko kuma ta fito a 2001. A 2009 ta rabu gida biyu, aka fitar da Community ta kyauta wadda kod ɗinta a buɗe yake ga kowa, sai Ultimate ta kuɗi. Android Studio ma, manhajar haɗa manhajojin wayar Android da Google ya fitar a 2013 a kan ta kyautan aka gina shi, wato dai ba abin rainawa ba ce ko kaɗan.

Da can sayen lasisi ake sau ɗaya, ka biya ya zama naka, in sabuwar siga ta fito ka ga dama ka ƙara kuɗi ka ɗauka, in ba ka ga dama ba ka ci gaba da tsohuwar. A Satumban 2015 kamfanin ya ce zai koma tsarin biyan wata-wata ko shekara-shekara, aiko sai masu amfani da ita suka yi caa, don a yadda aka fara sanar da abin ranar da ka daina biya ranar manhajar za ta rufe maka ƙofa, kamar mai gidan haya. Surutun ya yi yawa har kamfanin ya sassauta kafin tsarin ya fara aiki a Nuwamba, ya ce duk wanda ya biya wata 12 a jere to ya mallaki siga guda ta dindindin. Amma fa a nan mutane da yawa ke ruɗewa, sigar da za ta zama taka ita ce wadda ke akwai lokacin da ka fara biyan, ba ta ƙarshen shekarar ba, saboda haka in ka tsaya sai ka koma baya da kusan shekara guda. Sannan aka sa rangwame ga wanda bai yanke ba, kashi 20 cikin ɗari a shekara ta biyu, kashi 40 daga ta uku, dabara ce dai ta riƙe kwastoma.

To ko kuɗin ya cancanta? Ya danganta da aikin da mutum ke ci da shi. Mai aiki da Spring (wani tsarin gina manhajoji da Java) ko rumbun bayanai kullum, Ultimate na rage masa wahala sosai domin komai a wuri ɗaya yake, kuma Java kanta tun 2018 duk wata shida take fitar da sabuwar siga, tsohuwar manhaja ba za ta gane sabbin abubuwan ba sai ta yi ta ja musu jan layi alhali daidai suke. Mai koyo kuwa ko mai ɗan ƙaramin aiki biyan asara ce kawai, ga ta kyauta nan, ga VS Code, wata manhajar rubuta kod ta Microsoft da ta fito a 2015, ba ko sisi, ɗalibai ma JetBrains na ba su lasisi kyauta.

Sublime Text, shi ma na rubuta kod ne, wata hanyar ya bi daban, tun siga ta 4 a 2021 biya ɗaya ake, mutum ya samu sabuntawa ta shekara uku, bayan nan abin da ke hannunsa nasa ne.